Ko Kun Sani? Bayin Sarki da Yaƙin Basasar Kano

Ko kun san bayi na cikin waɗanda suka juya akalar Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895? A Amurka, gardama kan bauta ce ta raba Kudu da Arewa har yaƙi ya ɓarke a 1861. A Kano kuwa ba wanda ya ɗaga takobi don a hana bauta. A kan gadon sarauta aka yi yaƙin.

Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Bello wutar ke ruruwa, domin ya yi ta tuɓe 'ya'yan wansa, Abdullahi Maje Karofi, da bayin da ke tare da su. Kada a raina waɗannan bayi: masu sarautu irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama su ke riƙe da dawaki da gandaye da ƙofar ganin Sarki. Da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello ya gaji ubansa, sai Yusuf, ɗaya daga cikin 'ya'yan Abdullahi, ya fice zuwa Takai, bayin gidan ubansa da dama suka bi shi.

Yusuf ya rasu kafin nasara. Ƙanensa Alu ya ci Kano a 1894, aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895.