Bernhard Riemann: ɗan ƙauyen da ya koya wa duniya awon abu mai lanƙwasa

 A shirinmu na ilimi na makon jiya, wani magidanci ya bugo waya ya ce ɗansa ya samu bak, kuma ya kafe sai lissafi zai karanta a jami'a. Tambayar da ya yi mana ita ce: "To shi lissafin nan, ana cin tuwo da shi?" Mun yi alkawarin amsa, kuma za mu ba da ita ta labarin wani mutum.

Sunansa Bernhard Riemann, ana faɗin Riman. An haife shi ran 17 ga Satumba 1826 a Breselenz, wani ƙauye na ƙasar Jamus. Ubansa fasto ne mai ƙaramin ƙarfi, ga ƴaƴa shida. Yaron yana da kunya ainun, ga yawan laulayi. A 1846 uban ya tura shi jami'ar Gottingen don ya karanta addini ya gaje shi. Da yaron ya roƙi izinin komawa lissafi, uban ya yarda. A 1851 ya samu digirin dakta a hannun Carl Friedrich Gauss, babban malamin lissafi na zamanin.

To mene ne aikinsa? Ku ɗauki tabarma. Za ku iya naɗe ta ba tare da ta yage ba. Amma ku gwada lulluɓe ƙwarya da takarda, dole ta tattare ko ta yage. Gauss ya nuna a 1827 cewa wannan lanƙwasa ta ƙwarya a jikinta take, kuma ana iya auna ta da lissafi.

Ga yadda ake ganewa. A lakkol an koya mana cewa kusurwoyi uku na alwatika in an haɗa su digiri 180 ne. Haka ne a kan allo. Yanzu ku kifa ƙwarya mai kyan zagaye, ku ja layi biyu daga tsakiyar gindinta zuwa baki, su rabu kamar kusurwar ɗaki. Layukan nan biyu da bakin ƙwaryar da ke tsakaninsu sun ba da alwatika mai kusurwa uku, kowace digiri 90, jimla 270. A kan sirdin doki kuwa jimlar ba ta kai 180. Ke nan ko tururuwar da ke yawo a kan ƙwarya, in ta iya awo, za ta gane ba a shimfiɗe take tafiya ba.

Ran 10 ga Yuni 1854, Riemann ya gabatar da lacca don samun izinin koyarwa. Batutuwa uku ya miƙa, Gauss ya zaɓi na ukun, wanda bai gama shiryawa ba. A nan ya ce: abin da aka faɗa kan ƙwarya ya shafi shi kansa sararin da muke ciki. Ya kawo hanyar auna tazara taki kaɗan kaɗan, daga wuri zuwa na kusa da shi, a gano lanƙwasar kowane gurbi, ko da fuskokin sararin sun wuce tsawo, faɗi da zurfi. Wannan fanni shi muke kira lissafin lanƙwasa.

Bai ga amfanin aikinsa da idonsa ba. Ya yi shekaru cikin rashi kafin ya zama cikakken farfesa a 1859. Tarin fuka ya kama shi, ya rasu a Italiya ran 20 ga Yuli 1866, yana da shekara 39. Laccar ma sai a 1868 aka buga ta.

Sai a 1915 Albert Einstein ya kammala bayaninsa cewa nauyin rana da duniya yana lanƙwasa sarari da lokaci. Lissafin Riemann ya yi amfani da shi, bayan abokinsa Marcel Grossmann ya nuna masa. Yau wannan bayani yana cikin salular da ke aljihunku. Agogon taurarin ɗan'adam na GPS yana gaba da na ƙasa da kusan kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa guda kowace rana. In ba a gyara ba, kuskuren zai kai wajen kilomita 10 a yini ɗaya. Mai auna iyakar gona da GPS, da direban da ke bin taswira a hanyar Agadas, duk suna cin moriyar laccar 1854.

Kada kuma a ce aikin Turawa ne kaɗai. A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, Mahaman Bazanfaré ya yi bincike a wannan fanni na Riemann, har wata mujallar lissafi ta Madrid ta buga aikinsa a shekara ta 2000. Nan Maradi ma, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana da sashen kimiyya da fasaha.

To baba mai tambaya, ba za mu ce maka lissafi zai sa ɗanka ya yi kuɗi da wuri ba, don shi Riemann bai yi ba. Amma kwalejojinmu na karkara suna neman malaman lissafi, kuma awon filaye, gini, banki da kwamfuta duk da shi suke tafiya. Ka zauna da yaron da malaminsa, ku dubi sakamakonsa na shekarun lise. In ƙwazon na gaske ne, a sa masa albarka, kamar yadda wancan uban ya yi. Haka ma in ɗiya mace ce.

Muna jiran ra'ayoyinku a shiri na gaba. Allah ya yi wa ƴaƴanmu albarka.