Dokar Girmama Malaman Makaranta

Ba don hana laifi kaɗai ake kafa doka ba. Wani lokaci akan kafa ta don a girmama waɗanda suka yi wa ƙasa aiki. Irin wannan ce Majalisar Dokoki ta Tarayya ta yi wa malaman makaranta, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu cikin shekarar 2022.

A da, idan malami ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 yana aiki, sai ya yi ritaya, ko da kuwa da sauran ƙarfinsa. Wannan doka ta ƙara masa shekara biyar, wato sai ya kai 65, ko ya yi 40 yana aiki. Dalili kuwa, gwanintar koyarwa ba a samunta rana ɗaya. In ƙwararren malami ya bar aji da wuri, yara ne ke yin hasara.

Mutanen Sakkwato sun daɗe da sanin darajar malami. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo malami ne, haka kuma 'yarsa Nana Asma'u. Sardauna Ahmadu Bello ya koyar a Sakkwato. Shehu Shagari kuwa ya koyar a Makarantar Midil ta Sakkwato, kafin a zaɓe shi zuwa Majalisar Wakilai a 1954, har ya zama Shugaban Ƙasa a 1979.

To, majalisa ta yi nata, saura ɗalibai. Yaron kirki yakan zo makaranta da wuri, ya gai da malaminsa da ladabi, ya kasa kunne ga abin da yake koya masa.