Daga Bakin Teku Zuwa Gwanja: Shirin Tafiya Mai Zango-Zango

 Yau hirar tamu ta tafiyar buɗe ido ce, irin wadda iyali ke fita wata ƙasa su zaga gari huɗu ko biyar kafin su dawo gida.

Na san wata za ta ce, ni da ko zaure ba na leƙawa, ina ruwana da tsara hanya? Ai kuwa ke ce da ruwa, uwargida. Maigida ne zai yanki tikiti, amma ke kika san wane yaro mota ke sa shi amai, ke kika san awa nawa Hajiya za ta iya jurewa a zaune. In aka tsara babu bakinki, wahalar kanki za ta ƙare. Ku zauna tare da takarda da biro tun kafin kuɗi su fita.

Bari mu ɗauki Ghana misali, don ƙasa ce da muke da dangi a cikinta. Kakanninmu fatake sun yi watanni a ƙafa da jakuna suna zuwa Gwanja sayen goro, inda ayari ya sauka kuma nan ne zango. Unguwannin da ake kira zango a garuruwan Ghana daga nan suka samo suna, har yau kuma Hausa ake yi a cikinsu. Madugu ba ya sa zango inda jaki ba zai kai ba kafin rana ta faɗi. Ku ma ƙarfin mafi rauni a cikinku za ku duba, ko goyo ne ko tsohuwa.

A fara da takardu. Mai fasfo na Nijeriya ba ya buƙatar biza, amma ana neman katin rigakafin cutar shawara. Allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, don haka kar a bari sai ana gobe tafiya. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har iya rayuwa. Mai juna biyu da jaririn da bai kai wata 9 ba, a nemi shawarar likita tukuna. A mota daga Legas sai an ratsa Benin da Togo, iyaka uku ke nan, kowace da layinta. A jirgi kuwa kusan awa ɗaya ce. Da ƙananan yara, ni dai jirgin zan zaɓa ko da za a rage tsaraba. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, a gyara saboda salla da lokacin tashin mota.

Sai lokaci. Kudancin Ghana damina biyu yake yi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Arewa kuwa ɗaya ce kamar tamu. Wanda zai haɗa kudu da arewa a tafiya guda, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi masa. Sai dai masauki yakan yi tsada a Accra a ƙarshen Disamba. In hutun makaranta ya ba da hali, Janairu ta fi sauƙi.

Ƙasar doguwa ce daga teku zuwa arewa, saboda haka a jera garuruwan a layi ɗaya, kar a yi ta kai da kawowa. A sauka Accra, wadda iyayenmu ke kira Ankara, a kwana 2. A ga unguwar Nima da babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021. Daga nan a bi gaɓar teku zuwa Cape Coast, tafiyar kamar awa 3. Kusa da ita akwai Elmina, inda 'yan Fotugal suka gina ganuwa a 1482, daga baya ta zama ma'ajiyar bayi kafin a loda su jirgi. Akwai kurkukun mata daban, kuma ba kowace zuciya ce ke ɗaukar ganinsa ba. A yi wa manyan yara bayani kafin a shiga. In kuna son ganin masunta na sauke kifi, kar ku sa ranar Talata, don bisa al'adarsu ba sa shiga teku ran nan. Tekun kuma ja gare shi, yaro ya tsaya a kan yashi hannunsa cikin naki.

Kimanin kilomita 30 daga Cape Coast akwai dajin Kakum, mai gadojin igiya guda 7 da aka ɗaura a kan dogayen itatuwa. Lilo suke yi in an taka. A sa takalmi mai kama ƙafa, a tattare hijabi, mai ciki da mai jiri kuma su jira a ƙasa, babu abin kunya. A nan ma kwana 2.

Kumasi ce ta cancanci kwana 3, kuma a nan zan ce a sassauta. Akwai kasuwar Kejetia, wadda sai an riƙe hannun juna don kar a ɓace. Akwai gidan tarihi na fadar Manhyia, inda duk bayan mako 6, ranar Lahadi, Sarkin Asante ke zaman bikin Akwasidae. Amma abin da zai fi zauna miki a rai shi ne Aboabo da sauran unguwannin zango, inda za ki ji tsohuwa na Hausa da wani irin harshe, ki tambaye ta asali ta ce miki kakanta daga Kano ko Katsina ya zo. Da safe ga koko da ƙosai, da rana ga wake da shinkafa da suke kira waakye. A zango ba ki da fargabar abinci. A wajen zango kuwa a tambaya kafin a ci, don ana sayar da naman alade a kudu. In akwai dangi a sanar da su da wuri, in masaukin haya ne maigida ya tabbatar ɗakin na da bayinsa a ciki. Gidan sauro kuma ya biyo ku ko'ina.

Wajen ciniki a kula. A 2007 aka cire sifiri huɗu daga kuɗinsu, sidi, amma wasu 'yan kasuwa na lissafi da tsohon ƙidaya. Mai kaya ta ce miki dubu hamsin, wataƙila sidi 5 take nufi. Tambayi ki ji.

Daga Kumasi zuwa Tamale wuni guda ne a mota, kusan kilomita 380. Wannan rana kar a ɗora mata komai. A hanya akwai magangarar ruwa ta Kintampo. In hadari ya haɗo a wuce kawai, don a 2017 iska ta kayar da itace a wurin, mutane da dama suka rasu, galibinsu ɗalibai. A kwana Tamale, washegari a nufi gandun dajin Mole, mafi girma a ƙasar. Da rani giwaye kan zo shan ruwa a tafkin da ke ƙasan masauki, shi ya sa muka zaɓi wannan lokaci. A rufe ƙofa da taga, gwaggon biri ba ya jin kunyar ɗauke kwanon abinci. Dab da gandun akwai garin Larabanga da masallacinsa na ƙasa, wanda mutanen garin ke cewa tun 1421 yake. Kwana 2 a Mole, a dawo Tamale.

Salaga, kasuwar Gwanja da kakanni ke labari, tana kimanin kilomita 120 daga Tamale, ana zuwa a dawo a wuni. Kar ki sa ran ganin babban birni. Yaƙin basasar 1892 ya watsa fatakenta, wasu suka yi Kumasi, wasu Kete-Krachi, inda shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, ya zauna har rasuwarsa a 1934. Abin da ya rage tsofaffin rijiyoyi ne da filin da aka sayar da bayi.

In kin lissafa, da kwana 2 na ƙarshe a Tamale da ɗaya a Accra, kwana 13 ke nan. Idan mako ɗaya kawai maigida ya samu, kar a matse su duka a ciki. A zaɓi Accra da Cape Coast da Kumasi, arewa ta jira wata shekara. Masu kaiwa Tamale kuwa su koma Accra a jirgi, awa ɗaya maimakon wuni guda cur a mota. Jirgin yana auna kaya, don haka atamfa da sauran tsaraba mai nauyi a bar su sai ranar ƙarshe, a saya a kasuwar Makola.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a gaida yara.