LAMIDI FAKEYE: MASASSAƘIN DA YA SA ICCE BA DA LABARI

A garuruwanmu kowa ya san masassaƙi. Shi ke yin turmi da taɓarya, da akushi, da allo, da ƙotar hauya. Amma a ƙasar Yarabawa, kudancin Nijeriya, an yi wani masassaƙi wanda ya sa icce ya riƙa ba da labari. Sunansa Lamidi Fakeye.

An haife shi a garin Ila-Orangun a shekarar 1928. Sassaƙa gado ce a gidansu, tun kaka da kakanni. Amma lokacin ƙuruciyarsa sana'ar ta kusa mutuwa. Mutane da yawa sun shiga Musulunci ko Kiristanci, sun bar sayen siffofin gargajiya. Matasa sun fara ajiye gizago.

A 1947, wani Bature limamin cocin Katolika, Fada Kevin Carroll, da abokan aikinsa suka buɗe wurin sana'a a garin Oye-Ekiti. Suka tara masassaƙa da masaƙa. Can Lamidi ya zama almajirin wani gwani mai suna Bamidele. Ya yi shekaru yana koyo, bai yi gaggawa ba.

Ina yake samo abin da yake sassaƙawa? Daga labarun da ya ji tun yana yaro. Tsofaffin Yarabawa sun ce da farko duniya ruwa ce zalla. Sai Oduduwa ya sauko daga sama ta kan sarƙa, da ƙasa kaɗan da zakara. Ya zuba ƙasar bisa ruwa, zakara ya barbaza ta, tudu ya samu. Suna kuma ba da labarin Shango mai tsawa da gatarinsa mai baki biyu, da Ogun na ƙarfe da maƙera. Duk waɗannan Lamidi ya fito da su jikin icce.

Shi kansa Musulmi ne. Duk da haka ya sassaƙa ƙofofi na coci masu labarun Linjila. A wannan aiki mutanen labarin sukan fito da tufafi irin na Yarabawa, don ko wanda bai iya karatu ba ya gane da idonsa. Ya yi wa sarakuna ginshiƙai da ƙofofi masu mahaya dawaki, da makaɗa, da mata masu goyo. Kowa ya kawo aiki, sai ya saurari labarinsa da girmamawa, sannan ya ɗauki gizago.

Aikinsa ya kai shi Faransa da Amurka. A 1978 aka ɗauke shi malami a jami'ar Ife, yana koya wa ɗalibai sassaƙa. A 1987 ya gama babbar siffar Oduduwa, mai tsawon kusan metir 4. Ya rasu a watan Disamba na 2009, ya bar almajirai da yawa.

Yau kwanon roba yana korar akushi a kasuwanninmu, manyan itatuwa kuma suna ƙarewa a daji. Idan tsohon masassaƙi ya mutu ba almajiri, saninsa ya bi shi kabari. Sana'ar gidan su Lamidi ta tsira domin yaro ya zauna gaban gwani, kuma ya riƙe labarun tsofaffi. Mai gizago ya jawo ɗa kusa tun yana da ƙarfi. Wanda ya sare icce kuwa, ya dasa wani.