Matsalolin Sabon Ɗalibin Hausa a Zangon Farko na Jami'a

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba irin cikas ɗin da ɗalibin da ya shigo jami'a don nazarin Hausa yake fuskanta a zangon karatunsa na farko, musamman a jami'o'in da ke nesa da ƙasar Hausa, da kuma abin da ya rataya a wuyan sashe game da shi. Tun daga 1978 da aka kafa Hukumar JAMB, ƙofa ɗaya ce ɗalibai suke bi su shigo, amma guzurin da kowa ya riƙo daban ne. Kasancewar makin shekarar farko yana shiga lissafin darajar digiri, tuntuɓen da aka yi a nan yakan bi ɗalibi har ranar da zai fita.

2.0 Su Wa Muke Karɓa?

A ajin farko akan tarar da ɗan Kano ko Katsina wanda ya tashi da Hausa a baki, da wanda aka haifa a Sabo ta Ibadan ko Agege ta Legas, wanda Hausarsa ta cuɗanya da Yarabanci, da kuma wanda ya tsinci harshen a makaranta, albarkacin Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 da aka yi wa gyara a 1981, wadda ta nemi yaro ya koyi ɗaya daga manyan harsuna uku ban da nasa. Akwai kuma wanda ya nemi aikin lauya bai samu ba aka turo shi sashen harsuna, ya zo yana jan ƙafa.

Wani abin lura shi ne, na farkon nan, wato ɗan asalin harshe, shi ya fi saurin faɗuwa. Yana ganin ai Hausa tasa ce, me za a koya masa? Sai ya sake jiki. Ranar da aka ce ya bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya ta fuskar karin sauti, ko gari na mutane da gari na tuwo ta fuskar tsawon wasali, sai ka ga ya yi tsuru-tsuru. Bakinsa ya san bambancin sarai, amma bai taɓa sauraron kansa ba, domin rubutun yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga cikin biyun. Mai koyon Hausa a matsayin harshe na biyu kuwa, da yake da kunne ya fara, sau da yawa yakan riga shi gane wannan.

3.0 Kalmomin Fannu da Ƙa'idojin Rubutu

Babban shingen da ke gaban kowa shi ne keɓaɓɓun kalmomi. Ƙwayar sauti, ƙwayar ma'ana, saiwa, ɗafi, ginin jimla: duk Hausa ce, amma ba wadda ake ji a kasuwa ba. Littafin Hausa Metalanguage da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya rage wannan wahala ƙwarai, sai dai da wuya ka sami sabon ɗalibin da ya taɓa jin labarinsa. Ga shi kuma manyan littattafan dogaro irin su ƙamusun Bargery na 1934 da nahawun Galadanci na 1976 da Ingilishi suke bayani, alhali lacca da jarrabawa da Hausa ake yin su. Ke nan ɗalibi yana karatu da harshe ɗaya yana amsa tambaya da wani. A ganina, bai kamata malami ya fara kowane kwas ba sai ya raba wa ɗalibai kalmomin da zai yi amfani da su a harsunan biyu, ya kuma tsaya a kansu har ƙarshen zango, maimakon kowane malami ya riƙa ƙirƙiro nasa.

Haka batun ƙa'idojin rubutu. Ɗalibi ya gama sakandare yana raba yana da suke, yana haɗe za su, ba ya kuma damuwa da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ. Makonni uku na shifta da gyara a farkon zango sun fi jan biro a takardar jarrabawa amfani.

Game da karin harshe kuwa, sai malami ya yi hattara. Bazazzagin da ya ce mota ne, ko Basakkwacen da ya ce hwata a maimakon fata, ba kure ya yi ba, karinsa ne. Idan aka yi masa dariya a makon farko, to ya rufe baki ke nan a aji. Abin da ya dace shi ne a nuna masa inda karinsa ya rabu da daidaitacciyar Hausa, a kuma mai da misalinsa abin nazari.

4.0 Zama Nesa da Masu Harshe

Ɗaliban Faransanci suna da ƙauyensu a Badagry tun 1991, an kuma kafa Cibiyar Harsunan Nijeriya a Aba a 1993, amma mai koyon Hausa a kudu yana buƙatar abokin magana tun daga ranar da ya yi rajista. Ana iya haɗa shi da ɗan asalin harshe su zama abokan karatu, wannan ya gyara wa wancan furuci, wancan ya taimaka wa wannan da Ingilishin littattafai. Unguwannin Hausawa da ke kusa ma makaranta ce: a tura su su yi ciniki wurin masu goro da mahauta, su dawo da kalmomi ashirin da suka ji, a zauna a aji a sa musu karin sauti.