Hayaƙin injin gazuwal: abin da ke cikinsa da yadda ake rage shi

Kwanan baya mun kai ziyara wata cibiyar karatun mata a ƙasar Keita. Ana cikin darasi tari ya hana mu jin juna. Da muka tambaya, sai aka ce mana yawancin ɗaliban daga wurin niƙa suka fito. Bayan an tashi muka je muka ga wurin da idonmu. Ɗaki ne ƙarami mara taga, injin yana aiki, bututun hayaƙinsa ya karye yana zuba a ciki, bango ya yi baƙi ƙirin. Mata kuwa suna tsaye da goyo, kowace tana jiran a zo kan ƙwaryarta. Wannan ne ya sa muka ɗauki alƙalami a kan maganar.

A Ibohaman mun yi sa'a ta wani fanni. Ruwan madatsar da aka gina a ƙarshen shekarun 1960 da kansa yake gangarowa cikin hanyoyinsa zuwa gonaki, ba inji ke tura shi ba. Amma gazuwal ya shiga sauran rayuwarmu. Da shi katafiloli da taraktocin Furojen Keita, wanda aka buɗe a 1984 da taimakon Italiya da FAO, suka yi aikin farfaɗo da faƙo. Da shi kamiyoyi ke kwasar albasar Madawa da Galmi zuwa Gana da Kodibuwa. Da shi ake niƙa mana hatsi a Buza da ƙauyukanta.

To mene ne a cikin hayaƙin? Na farko shi ne kunkunniya, irin wadda muke gani a rufin madafa. Bambancin shi ne ta inji ta fi laushi ƙwarai. Wadda ido ke gani hanci da maƙogwaro suna tare wani abu daga cikinta. Wadda ido ba ya gani ita ce mai ɓarna, domin tana wucewa har ƙuryar huhu, wata ma ta shiga jini. Na biyu wata iska ce mai yaji da ake samu idan zafin inji ya haɗa azot na cikin iska da iskar da muke shaƙa. Ita ke tayar da asma, ta sa yara tari. Na uku farar wuta, wadda ke cikin man tun daga rijiya. A watan Yuni na 2012 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon a Faransa, ta bayyana cewa hayaƙin gazuwal yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar huhu. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai wuni kusa da inji shekara da shekaru: mai niƙa da yaronsa, direba da karen mota, da makaniki.

Masu ƙera injuna sun samo dabaru, kuma doka ce ta tilasta musu. A Turai an sa wa manyan motoci mataki na ɗaya na iyakar hayaƙi a 1992, aka yi ta ƙara matsawa har zuwa mataki na shida a 2013.

Dabara ta farko matata ce da ake sawa a bututun hayaƙi. Da tangaran ake yin ta, cikinta ramuka ne kamar saƙar zuma. An toshe ramukan ɗaya ta gaba, na kusa da shi ta baya, ta yadda hayaƙi ba shi da mafita sai ya ratsa bangon tangaran. Iska ta wuce, kunkunniya ta maƙale. Matata mai lafiya tana kama fiye da kashi 90 cikin 100. Idan ta cika, injin yana ƙara zafin hayaƙi ya ƙone abin da ya taru, sai toka kaɗan ta rage.

Ta biyu za ta ba manomi mamaki, don da ure ake yin ta, wato sinadarin da ke cikin farin takin da muke zuba wa albasa da dawa. Manyan motoci na yanzu suna da ƙaramin tanki na biyu. A ciki akwai ruwan da ake sayarwa da sunan AdBlue, kashi 32 da rabi cikin 100 ure ne, sauran tsabtataccen ruwa. Ana fesa shi cikin hayaƙi mai zafi, ya bi ta wata saƙar da aka shafa wa sinadari, sai iskar nan mai yaji ta koma azot da tururin ruwa, waɗanda ba su cutar da kowa. Mota tana shan wajen lita 5 na wannan ruwa a kowace lita 100 ta gazuwal. A nan sai mu ja kunnen direbobi: kada wani ya jiƙa takin gona da ruwan rijiya ya zuba. Takin gona da ruwan rijiya suna da gauraye da ke toshe na'urar, kuma kuɗin gyaranta ya ninka abin da aka yi tattali sau da yawa.

Ta uku ita ce a sanyaya wani ɓangare na hayaƙin a mayar da shi cikin inji. Wutar ciki ta rage zafi, iskar mai yaji ta ragu. Da wannan dabara kamfanin General Electric ya cika dokar da Amurka ta sa wa sababbin kawunan jirgin ƙasa daga 2015, ba tare da tankin ure ba.

Wani zai ce ina ruwanmu da jirgin ƙasa, tun da layin da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 bai yi jigila ba. Amma a watan Fabrairu na 2021 an aza harsashin layin da zai tashi daga Kano ya bi Katsina da Jibiya ya iso Maraɗi, kimanin kilomita 284. Kan jirgi yakan yi shekara talatin ko fiye yana aiki. Irin wanda aka saya yau, hayaƙinsa jikokinmu za su shaƙa a bakin tasha. A ganinmu wannan tambaya ce da ta cancanci shugabanni su yi tun kafin a biya kuɗi.

Akwai kuma abin da duk waɗannan dabaru suka rataya a kansa, wato tsabtar man. Farar wuta tana lalata sinadarin da ke cikin na'urorin, ta sa matata ta toshe. A Turai tun 2009 ba a yarda ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwis mai suna Public Eye ta auna gazuwal a ƙasashen Afirka takwas, ta samu wanda ya ninka iyakar Turai sau 378. Shi ya sa tsohuwar mota ke zuwa daga bakin teku da matatarta, bayan ƴan watanni ta toshe, makaniki ya fasa ya fidda ta, mota ta koma tana turnuƙe hanya.

Injin niƙanmu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan na'urori, kuma ba mu zaton zai samu nan kusa. Amma launin hayaƙinsa yana faɗa mana ciwonsa. Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Sau da yawa matatar iska ce ƙurar hunturu da garin hatsi suka toshe, ko bakin da ke fesa mai ya lalace, ko an ɗora wa injin abin da ya fi ƙarfinsa. Wannan baƙin man da aka saya ne yake fita bai ƙone ba, asarar mai injin ce tun kafin ta zama ciwon wani. Shuɗin hayaƙi alama ce injin yana cin baƙin mai, ringinsa sun gaji. Fari kuwa, idan bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, to mai ba ya ƙonewa daidai ko ruwa yana shiga inda bai kamata ba.

Ga masu niƙa, babban aiki shi ne a ƙara wa bututu tsawo, a fitar da shi ta bango ya wuce rufi, nesa da inda mutane ke tsayawa. A buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna. A riƙa share matatar iska, a lokacin hunturu ma kullum. A sauya baƙin mai a kan lokaci, a guji gazuwal ɗin da aka gauraya da kananzir. Idan babu niƙa a kashe injin. Mata su jera ƙoransu su jira a waje ta inda iska ke fitowa, musamman masu ciki da masu goyo. Wanda kuma tari ya wuce masa mako biyu ya je asibiti a duba majinarsa, kada ya ce hayaƙi ne kawai, don tarin fuka ma haka yake farawa.

Mai injin da muka ambata a farko ya saurare mu, ko da yake ya fara da cewa shekara goma yake haka bai mutu ba. Da muka koma cibiyar bayan wata guda mun tarar ya sa maƙeri ya haɗa masa bututu har saman rufi. Taga ce bai buɗe ba tukuna, ya ce sai bayan kaka.