Sassaben Zamani, Da Yadda Mu Ma Aka Sassabe Mu

Da yawa cikinku kun saba ganinmu a kan babur muna zagaya ƙungiyoyin gama kai. Bara aka zaɓe mu, mu tara waɗanda suka gama kwaleji, aka ɗauki nauyin karatunmu na shekara guda domin mu koyi yadda ake koya wa jama'a kiyaye ƙasa da ruwa da itatuwa. Cikinmu akwai malaman makaranta, da malaman gona, da 'yan'uwa mata uku. Muna so mu ba ku labarin abin da ya same mu, gama ya shafi gonakinku.

Da farko mun zaci dukan ilimin yana cikin littattafanmu. A wata na biyu aka aike mu ƙauyuka biyu biyu. Mu da aka haɗa muka tsaya a gindin wata tsamiya, muka yi awa guda muna bayani a kan hamada da zaizayar ƙasa. Jama'a suka yi tsit. Da muka gama sai wani dattijo ya ce, "Malam, na ji. Amma in na bar itace a gonata, inuwa ta kashe mini gero, tsuntsaye suka sami masauki, wa zai ciyar da iyalina?" Muka rasa ta cewa. Dashen da muka raba ran nan kuwa, kafin rani ya ƙare awaki da ƙishi sun gama da yawancinsu.

Muka koma da kunya, har muka yi tunanin barin aikin. Abin da ya riƙe mu shi ne zumuntar da ke tsakaninmu. Kowace Jumma'a da yamma mukan taru mu tara, mu yi addu'a, sa'an nan kowa ya faɗi inda ya kasa a makon. Ba a yi wa kowa dariya, ba a kuma rufe masa gaskiya. Da muka ba da labarinmu, wata 'yar'uwa ta ce, "Kun tambayi matan garin inda suke samo itacen girki? Kun tambayi dattijon wane itace yake so?" Ba mu tambayi ko ɗaya ba. Wani ɗan'uwa ya ce tsohon yana da gaskiya, akwai itacen da yake danne amfanin gona. Amma ya tuna mana da gawo, wanda yake kakkaɓe ganye da damina, ya toho da rani. Ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne, shi ya sa gero yakan yi kyau a ƙarƙashinsa.

A wannan zama ne wani cikinmu, wanda danginsa suke wajen Maraɗi a Nijar, ya ba mu labarin sassaben zamani. A 1983 wani ɗan mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, bayan ya sha wahalar dashe yana mutuwa, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da ake sarewa kowace shekara a gonaki toho ne na kututturai masu rai, saiwarsu tana can ƙasa. Aka yaɗa dabarar lokacin yunwar 1984. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta cewa manoman Nijar sun raya itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5.

Yadda ake yi ba wuya. Lokacin sassabe, ka zaɓi kututturen da kake so, kamar na kalgo, ko sabara, ko magarya. Ka bar tohon da ya fi ƙarfi da miƙewa, daga uku zuwa biyar, ka cire sauran da wuƙa ko adda mai kaifi. Ka rage rassan ƙasa har zuwa rabin tsawonsa. Ka ɗaura tsumma domin a san da mai shi. Bayan 'yan watanni ka koma ka sake gyarawa. Abin da ka yanke kuwa itacen girki ne.

Muka koma ƙauyen nan ba littafi a hannu. Muka roƙi dattijon ya zagaya da mu gonarsa. Ashe ya san sunan kowane kututture da amfaninsa, fiye da mu nesa. Ya yarda ya bar goma a kusurwa ɗaya, ya ce zai ga abin da kaka za ta nuna kafin ya ƙara. Muna jira tare da shi.

Mu ma haka aka yi mana. 'Yan'uwa sun rage mana yawan magana da girman kai, suka bar mana abin da zai yi amfani.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiya, kafin sassaben bana ku zauna tare da mai gari, da mata, da makiyaya, ku shirya yadda za a tsare tohon daga sara da kiwo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A taronku kuma ku ba da fili kowa ya faɗi abin da ya gwada bai yi ba. In mun zo, ku yi mana tambaya mai wuya kamar ta dattijon nan. Allah ya ba mu damina mai albarka.